Yadda na sha fama da babbar riga da kitso a Blender kafin su zauna a jikin 'yan katun ɗina

Assalamu alaikum. Tun ranar da aka haska ɗan fim ɗin katun ɗin nan da na yi, samari masu sha'awar wannan aiki suke ta tare ni, wasu a fada wajen shan shayi wasu ta WhatsApp, kuma tambayar kusan ɗaya ce, wai yaya aka yi rigar dattijon nan take kaɗawa kamar ta gaske, kuma yaya na yi kitson yarinyar. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta komai daki daki yadda ya faru, don wallahi ba na son wani ɗan Damagaram ya ɓata sati bakwai a kan abin da zai iya gamawa cikin sati uku in da ya samu mai nuna masa hanya.

Aikin ya zo mini ne ta hannun wata ƙungiya da ke faɗakarwa a kan kwana cikin gidan sauro. Suna son katun na minti 2, dattijo ɗaya da jikarsa, da Hausa, wanda za a riƙa turawa a waya. Ran da na fara zuwa ofishinsu na zauna a benci tun ƙarfe 9 har aka kira azahar kafin Madam ɗin da ke da alhakin aikin ta fito daga taro, ta duba 'yan ayyukana na baya a waya ta ce in kawo takardar ƙiyasin kuɗi da kwafin katin ɗan ƙasa da kuma zanen labarin hoto bayan hoto. Na koma sau uku kafin a sa hannu. Mun daidaita a kan jaka 350 na sefa, aka ba ni jaka 120 kafin alƙalami. A nan na yi kuskuren farko ban ma taɓa kwamfuta ba tukun: a takardar an rubuta dattijo zai sa kayan gargajiya, shi ke nan, ba a ce babbar riga ba ce ko jamfa, ba a ce da rawani ko hula ba, ba a kuma faɗi sau nawa suke da damar cewa a sake ba. Ni kuma murnar samun aiki ta hana ni lura. Za ku ga inda wannan ya cije ni a gaba.

Kwamfutata ta hannu ce, tsohuwa, na saye ta a hannun wani mai kawo kaya daga Kano, ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, giga 8. Manhajar da nake aiki da ita Blender ce, don kyauta ce ba a biyan ko dala, wani ɗan ƙasar Holan mai suna Ton Roosendaal ya assasa ta kuma tun 2002 aka sake ta ga kowa. Akwai wata manhaja ta musamman ta ɗinkin kayan katun, Marvelous Designer, ta wani kamfanin Koriya ta Kudu, manyan ma'aikata da yawa da ita suke ɗinki, amma kuɗin haya ake biya kuma sai da katin banki, don haka ban bi ta kanta ba. Na sauke Blender 3.6 saboda ta fi zama lafiya a tsohon inji, wajen mega 300 ce, da dare na yi lokacin da rezo ya fi kyau. Sati na farko na gane giga 8 ba za ta kai ni ba, na je wajen masu gyara na ƙara ta koma 16, ya ci mini jaka 18, na sayi faifan ajiya na waje jaka 25, da 'yar fanka da ake ɗora kwamfuta a kai. Wannan fankar kada ku raina ta. Aikin ya faɗo a watan Afrilu ne, kun san zafin Zinder a lokacin, injin yakan yi zafi har ya kashe kansa a tsakiyar lissafi, sai da na koma aiki daga bayan isha'i zuwa asuba.

Jikin dattijon bai ba ni wahala ba. Na gina shi, na tura shi Mixamo, wani shafi na kamfanin Adobe da ke saka wa mutum-mutumi ƙasusuwa ya kuma ba ka tafiya da zama da ɗaga hannu kyauta. Na dawo da shi Blender ina jin daɗi, na shimfiɗa wani faffaɗan fili a kansa na huda wajen wuya, na ce wa manhajar wannan yadi ne, na danna ya fara. Yadin ya ratsa jikin ya wuce ƙasa kamar babu kowa a wurin. Na gano ashe sai ka gaya mata jikin abu ne da ake karo da shi. Na sa, na sake dannawa, wannan karon yadin ya sauka ya fara karkarwa sannan ya tarwatse ya zama ƙayoyi ya cika fuskar kwamfutar. Kwana 4 ina kan wannan abu, ina sauya lambobi ba tare da na san me suke yi ba, har na fara tunanin mayar da kuɗin mutane. Abin da ya kawo shi ƙaramin abu ne ƙwarai. Mutumin da ke fitowa daga Mixamo yana zuwa da ma'aunin ƙashinsa a 0.01, kuma ni ma na ja yadin na ƙara masa girma ban tabbatar da ma'aunin ba. Ita Blender da mita take lissafi, nauyi da faɗuwa da tazarar karo duka. In mutuminka a wajenta tsawonsa ba na ɗan Adam ba ne, duk lambar da ka sa ƙarya ce. Don haka kafin komai ka auna mutuminka ya zama kamar mita 1.70, ka zaɓi yadin ka danna Ctrl da A ka tabbatar da ma'auninsa ya koma 1. Shi ƙashin da ke ɗauke da motsi a yi hattara, in ka tabbatar da nasa bayan motsin ya hau tafiyar takan lalace, gara ka gyara wannan tun wajen shigo da shi ka gwada tafiyar kafin ka ɗora komai.

A nan ne na tsaya na ce sai na fahimci abin da injin yake yi a ciki, kuma ina ganin duk mai son wannan aiki ya kamata ya san shi ko da sama sama. Yadin katun raga ce ta ɗigo ɗigo, kowane ɗigo an ba shi nauyi, kuma tsakaninsa da maƙwabtansa akwai abu kamar sifirin da ke ja in an miƙe shi yana turawa in an matse shi, akwai kuma wanda ke hana lanƙwasa. Fim yana tafiya hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, to tsakanin hoto da hoto injin yana raba lokacin gida gida yana lissafa inda kowane ɗigo zai koma. Blender tana zuwa da matakai 5, in hannun mutum ya wulga da sauri to matakai 5 ba su isa ba, hannun zai tsallake yadin kafin injin ya ankara, daga nan sai sifirin ya yi ta fizga don ya gyara, shi ne tarwatsewar da na gani. Ba mu kaɗai abin ya dama ba, manyan masana sun daɗe a kansa, wasu mutum biyu David Baraff da Andrew Witkin sun fitar da hanyar lissafin da ta sauƙaƙa shi a 1998, kuma sun yi aiki a Pixar, wani babban kamfanin finafinan katun na Amurka. Wani abu kuma da ya ruɗa ni, nauyin da ake rubutawa a Blender na kowane ɗigo ne, ba na rigar duka ba, yana zuwa a 0.3. Ke nan in ka ƙara yawan ɗigo don rigar ta yi laushi ka ƙara mata nauyi ke nan, sai ka ga ta zazzago tana talewa kamar roba. In ka ninka ɗigo ka rage nauyi.

Bayan na gyara ma'auni rigar ta daina fashewa, amma ba babbar riga ba ce. Kamar an yafa wa mutum zanen gado. Duk bidiyon koyarwa da na ƙona kuɗin intanet a kansu riga mai hannu da siket da wando suke koyarwa, babu mai maganar irin kayanmu. Ranar wata Laraba na ɗauki kwamfutar na hau kabu-kabu na je wajen wani tela abokin mahaifina a kusa da kasuwar Dole, wanda tun muna yara shi ke mana kayan salla. Na gaishe shi na buɗe masa, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sai ya ce "Ɗana, wa ya yanka maka wannan?" Na ce Baba ai ba a yanka ba, rufa masa na yi. Ya ce to ai shi ya sa, riga ba a rufa ta, yanka ta ake. Ya ɗauko wata babbar riga ta shadda da ya gama ya shimfiɗa a tabarma, ya nuna mini faɗinta ya wuce tsawon hannuwan mai ita in ya buɗe su, gefunan a buɗe suke sai can ƙasa aka haɗe, wuyan ba da'ira ba ne, ga babban aljihu a ƙirji, ga shafi da ake sa wa bakin rigar ta ciki wanda ke ƙara mata nauyi a ƙasa har ta riƙa sauka a miƙe. Ya ce in taɓa wajen aikin, wato inda aka yi aska da sauran surfani, na ji ya yi tauri kamar kwali. Ya ce "nan ba ya lanƙwasa, shi ke riƙe gaban rigar." Sannan ya sa ta a jikinsa ya naɗe hannuwan ya saɓa a kafaɗa, ya yi tafiya zuwa bakin ƙofa ya dawo, ya zauna ya tattara ta a cinya, ni kuwa ina ɗauka da waya. Na zauna har la'asar ina rubuta awo da tef ɗinsa. Da zan tafi na miƙa masa jaka 2 ya ƙi karɓa, ya ce in dai an gama in kawo ya gani. A awa 3 ɗin nan na ƙaru fiye da sati biyun da na yi ina kallon bidiyo.

Da na dawo gida na share waccan rigar gaba ɗaya. Na zana gaba da baya a miƙe da awon Baba tela santimita bisa santimita, na raba ragar murabba'i murabba'i kamar santimita 3 kowane, ban cika ta da yawa ba. Blender tana da ɗinki: in ka haɗa bakin ƙyalle biyu da layuka marasa fuska ka kunna ɗinkin, za ta ja su su haɗe a jikin mutum. A sa wa ƙarfin jan iyaka, in ba haka ba ƙyallayen za su fizgo da gudu su shige cikin jiki. Daga nan sai maganar irin yadi. Akwai zaɓi biyar da manhajar ke zuwa da su, auduga da siliki da jins da fata da roba, babu shadda a ciki, kuma shaddar da aka yi wa bugu ta sha ƙaro ba ta zuba kamar auduga, tana karyewa ne manya manya tana tsayawa. Na fara da auduga na riƙa ƙara taurin lanƙwasa kaɗan kaɗan ina kwatantawa da bidiyon Baba tela har suka yi kama. Wajen aikin ƙirji kuma na shafa masa fenti na musamman da ake ware ɗigo da shi, ja yana nufin cikakke shuɗi yana nufin babu, na ba wa wurin tauri ninki da yawa. Shi surfanin kansa hoto ne na ɗauka na manna, ba zare na gina ba. Naɗin kafaɗa shi ya fi cin rai. Na gwada barin injin ya naɗe da kansa, kullum sai ya zame. A ƙarshe na naɗe shi da hannu sau ɗaya, na maƙale ɗigon kafaɗa da na wuya su bi ƙashin mutumin, na bar sauran rigar ta yi lilo. Gaskiya ma a rayuwa haka ne, dattijo yana tafiya yana gyara saɓinsa, injin kuwa ba shi da hannun gyarawa. Rawani ko kusa ban ba injin ba, na gina shi daskararre, jelar kawai na saki. 'Yar ciki da wando su ma ƙashi suke bi, tunda kaɗan ake gani.

Sai karo, inda mafi yawan dare na ya tafi. Abin da na koya shi ne kada ka bar yadi ya yi karo da ainihin jikin mai yatsu da kunnuwa da dubban ɗigo. Ka yi kwafin jikin mara nauyi, ka cire yatsu da kai, ka ɗan rame shi a hammata da tsakanin cinyoyi, ka ɓoye shi, shi yadin zai riƙa bugu. Hammata ita ce babbar matsala, in hannu ya sauko ya matse yadi da haƙarƙari ba shi da wurin zuwa sai ya haukace, don haka na ɗan buɗa hannuwan dattijon a duk motsinsa, ba mai lura tunda riga ta rufe. Na ɗaga matakan lissafi daga 5 zuwa 12, na karo daga 2 zuwa 5, tazarar karo da ke zuwa a 0.015 na mai da ita 0.005 don rigar ta daina shawagi nesa da jiki. Karon yadi da kansa yana cin lokaci sosai, sai a wurin zama kawai na kunna shi. Kuma kada mutuminka ya fara tafiya a hoto na 1. Ka bar shi tsaye hannu a buɗe, ya sauke su a hankali, rigar ta zauna, sannan motsi ya fara wajen hoto na 60. A jerin gyare-gyaren da ake ɗora wa yadi a Blender kuma, santsi da kauri a ƙarƙashin lissafin yadi ake jera su, ba a samansa ba, in ka juya jerin injinka zai yi ta nishi a banza.

In komai ya yi sai a gasa, haka suke kiran adana lissafin don kada a sake shi. A nan na yi asarar da har yanzu nake jin ta. Fitowar da dattijo ke zama a tabarma ta ɗauki kusan awa 2 tana gasuwa, ta yi kyau ƙwarai, ban kunna ajiya a faifai ba ban kuma adana fayil ɗin ba, aka ɗauke wuta, batirin tsohuwar kwamfuta bai riƙe minti 10 ba. Na zauna cikin duhu na rasa abin da ke mini daɗi. Tun daga ranar nake adana fayil tukun, in kunna ajiya a faifai, za ka ga ta buɗe jaka mai suna blendcache a gefen fayil ɗinka, kuma in fitowa ta yi kyau nan take nake fitar da ita a tsarin Alembic, wani irin fayil mai adana motsin yadin hoto bayan hoto, in kwafe a faifan waje. Kowace fitowa fayil ɗinta daban.

Yanzu gashin kai. Kan mutum yana ɗauke da gashi wajen dubu 100, ba injin gida da zai lissafa su ɗaya ɗaya, ko manyan kamfanoni 'yan ɗaruruwa ko dubbai suke motsawa a matsayin jagora sauran su bi su. Blender tana da tsari biyu, tsohon da ke da lissafin motsi, da sabon da ya shigo a 3.3 a 2022 wanda ake tajewa kamar da mataji, aka ƙara masa kayan murɗawa da tufka a 3.5. Sabon ya fi daɗin aiki amma a 3.6 ba shi da lissafin motsi nasa, kuma sai fatar kan tana da shimfiɗar UV, wato taswirar fatar a shimfiɗe kamar zane, kafin gashin ya manne. Na gwada duka biyun a kan yarinyar, abin da ya fito gashin Turawa ne mai zuba, in na murɗa shi ya koma kamar taliya. Raina ya ɓaci sosai, don na ga kayan aikin ba da irin kanmu aka auna su ba. Daga baya na ji ashe masana ma sun yi wannan ƙorafi, Theodore Kim na jami'ar Yale a Amurka da A.M. Darke da abokan aikinsu sun fitar da bincike a 2024 musamman a kan lissafin gashi mai ƙanƙancewa irin namu, abin ya faranta mini rai duk da bai iso cikin manhajar da ke hannuna ba.

Yayata ce ta warware mini. Tana yi wa 'yarta kitso a tsakar gida ranar Juma'a da safe, na zo na tsuguna ina kallo, ta ce "kai kuma lafiya?" Na ce Yaya so nake in ga yadda kike tsaga. Ta nuna mini yadda take fara raba kan da tsinke, layi layi, kowane layi ta kama gashi uku tana tufkawa tana ɗebo na ƙasa tana haɗawa, shuku kuma duk layukan sama suke hawa su haɗu a tsakiyar kai. Na ce yarinyar ta girgiza kai. Ko gashi ɗaya bai motsa ba sai jelar da ke sama. Nan na gane sati guda nake ƙoƙarin motsa abin da ba ya motsi. Na koma na zana tsagar a fatar kan yadda Yaya ta yi, na gina gaɓa ɗaya ta tufka, na sa ta maimaita kanta a bisa layin da na kwantar a kan, tana sirancewa wajen goshi da ƙeya, layi 14. Tsakanin layuka na bar fata tana bayyana da ɗan duhu, don tsagar ita ke sa ido ya yarda kitso ne. Sannan na yayyafa gajerun gashi 'yan kaɗan a bakin goshi da kan tufkar don kada ta yi sulɓi kamar roba. Jelar kuwa na yi wani siririn ƙyalle a ɓoye na maƙale samansa, na ba shi lissafin yadi, na ɗaura jelar ta bi shi, cikin daƙiƙoƙi yake gasuwa. Launin gashi in da Cycles kake aiki, wato ɗaya daga cikin hanyoyin fitar da hoto na Blender, akwai ma'aunin melanin, sinadarin da ke sa gashi duhu, ka kai shi sama, amma ka bar ɗan ƙyalli kamar an shafa man kitso, baƙi ƙirin ba ya nuna tufka. Gemun dattijo gajere ne fari, shi ma ban motsa shi ba.

Na kai musu gwaji a sati na biyar. Madam ta yaba, sai wani daga cikin manyansu ya ce yarinyar ta sa hijabi in za ta fita, kuma dattijon ya ɗaga hannu ya nuna gidan sauron a maimakon ya tsaya. A bakinsa magana ce ta daƙiƙa 5. A wajena kuwa sauya motsi yana nufin duk lissafin rigar da na gasa a wannan fitowar ya tashi a banza, sai an sake. Na buɗe takardar yarjejeniya ban samu inda zan tsaya ba, dole na yi, kwana 6 ba ƙarin ko dala. Hijabin dai bai wahalar ba tunda na riga na san hanya, da'ira ce mai huda, na maƙale zagayen fuska, yadi mai laushi mara nauyi, na sa iska kaɗan, kuma a wannan fitowar na ɓoye kitson gaba ɗaya na sa ƙwallo mai santsi a madadinsa don kada yadin ya sarƙe. Gidan sauron ma da lissafin yadi na yi shi, ragar hoto ce kawai.

Fitar da hotuna shi ne zama na ƙarshe. Minti 2 hoto 2880 ne. A Cycles injina yana cin fiye da minti 3 a kowane hoto, in ka lissafa ya haura kwana 6 ba tsayawa, ba zai yiwu ba. Na koma Eevee, ɗaya hanyar fitar da hoton da ta fi sauri, wajen daƙiƙa 40 kowane hoto, awa 32, na raba shi dare huɗu. Kada ka taɓa fitarwa kai tsaye a bidiyo, ka fitar hoto hoto a PNG, in wuta ta tafi a na 900 ka ci gaba daga 901. Dare biyu na kai injin shagon wani abokina mai sola na ba shi jaka 3 na shayi. Inda gwiwa ta ɗan leƙo ta cikin riga a hoto biyar ko shida ban sake gasawa ba, na goge naman da ke ƙarƙashin rigar ne kawai, abin da ba a gani ba ya buƙatar zama a wurin. Ragowar kuɗina sai da na yi sintiri sati 3 da takardar shaidar karɓar aiki kafin ya fito.

In zan sake, kuma zan sake in sha Allahu, ba zan sa hannu ba sai an rubuta irin kayan da kowa zai sa, da cewa gyara sau biyu ne, kuma in an amince da motsi an rufe maganarsa, duk sauyin da ya biyo baya da kuɗinsa. Zan nuna musu motsin da jiki tsirara na toka su sa hannu kafin in taɓa yadi, don yadi bayan motsi yake zuwa, gashi kuma bayan yadi. Zan fara zuwa wajen tela da mai kitso da wayata kafin in buɗe kwamfuta. Kuma kowane abu zan tambayi kaina, wannan yana motsi a jikin mutum na gaske ko ba ya yi, in ba ya yi in gina shi daskararre in huta. A fim ɗin nan duka abu biyar kawai injin ya lissafa, babbar riga, jelar rawani, jelar shuku, hijabi da gidan sauro.

Na cika alkawari na kai wa Baba tela ya gani a waya. Ya kalla sau biyu, ya kira yaran shagonsa su ma suka kalla, sannan ya ce rigar ta zauna, amma aljihun ya yi ƙasa da kamar yatsa uku, kuma dattijon kirki in zai zauna yakan tattara bayan rigarsa tukun, nawa kuwa a kanta ya zauna. Na duba na ga gaskiyarsa. Na rubuta duka biyun a littafina, yanzu haka ina gwada yadda hannu zai kama yadi ya ɗaga shi ya sake, wanda ke buƙatar maƙalewar da ake kunnawa a kashe a tsakiyar motsi, in na samu kanta zan rubuto yadda aka yi.